Ɗana, Kafin Ka Sayi Jitar Bes

 Labari ya iso mini cewa ka sayar da masararka ta bana a kasuwar Tudun Wada, ka ƙulle kuɗin, kana shirin shiga Kano domin ka sayo jitar nan mai kaurin murya da kuke kira bes. Ban zo in hana ka ba, domin kuɗinka ne, guminka ne, kuma na ga yadda kake tsayawa a bayan makaɗa tun kana yaro kana sauraron abin da sauran jama'a ba su kula da shi ba. Abin da nake so kawai shi ne ka ba ni aron kunnenka kaɗan, saboda kuɗin damina guda ba abin wasa ba ne, kuma wanda ya riga ka kwana ya riga ka tashi.

Ka fara sanin irin aikin da ka zaɓa wa kanka. Mai bes ba shi ake yi wa tafi ba, ba shi ake manna wa kuɗi a goshi ba, domin idon jama'a yana kan mawaƙi, bayansa kuma sai mai ganga da mai ƙaramar jita. Shi mai bes yana can gefe yana riƙe da kowa, in ya yi daidai ba wanda zai juyo ya dube shi, in ya kuskure kuwa nan take kiɗan zai watse, kowa ya ji a jikinsa ko da bai san dalili ba. Saboda haka wannan kaya na mai haƙuri ne, wanda ba ya jin zafi in an yabi wani a kan aikin da suka yi tare. In ka auna zuciyarka ka ga tana son a gan ta, to ka sake shawara tun kuɗin suna aljihu. In kuwa ka ga za ka iya, sai mu shiga maganar kayan.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne maganar tsawo. Jitar bes yawanci tana da tsirkiya huɗu, kuma ana auna tsawonta ne daga ɗan ƙashin da ke can saman wuya, inda tsirkiyoyin suka kwanta, zuwa jakin da ke ƙasa a jikin jitar. Tun da Leo Fender na Amurka ya fitar da Precision Bass a 1951 da tsawon inci 34, wato wajen santimita 86, sai duniya ta ɗauki wannan awo ya zama shi ne na kowa, kuma yawancin abin da za ka gani a rataye a shagunan Sabon Gari wannan ne. Amma akwai gajeriya mai inci 30, wajen santimita 76, akwai kuma matsakaiciya mai inci 32. Za ka ce inci huɗu ai ba komai ba ne, to hannu ya san da su, domin a doguwar tazarar da ke tsakanin ƙashin sama da ƙarfen farko na wuya ta kusa santimita 5, a gajeriyar kuwa ta ɗan haura 4 kaɗan, kuma wannan ragi yana bin kowane mataki har ƙasa, ta yadda abin da yatsu huɗu za su kama cikin sauƙi a gajeriya, a doguwa sai ka miƙa ƙaramin yatsa har ya yi tsami. Sannan ɗaurin tsirkiya ma ya bambanta: in kaurinsu ɗaya ne kuma an ɗaure su a murya ɗaya, ta gajeriyar tana da sassauci da wajen kashi ɗaya cikin biyar, saboda haka dannawa ba ta cin ƙarfi sosai.

Na san hannunka, ɗana, irin na gidanku ne, ba dogayen yatsu gare ku ba. Kai manomi ne, ka san ba a zaɓen ƙotar fartanya don ta fi ta maƙwabci tsawo, ana zaɓenta ne daidai jikin mai noma domin ya kai yamma bai karye ba. To haka jita take. Wanda ya sayi wadda ta fi ƙarfin hannunsa, makon farko zai daure saboda ɗoki, wata na biyu wuyan hannu ya fara ciwo, kafin damina ta zagayo an jingine ta a bayan ƙofa ƙura tana hawa, shi kuma ya riƙa cewa ba shi da baiwa, alhali baiwar tana nan, kayan ne bai dace da shi ba.

Abokanka za su ce maka gajeriya ta yara ce, kuma na san wannan magana tana da nauyi a kunnen saurayi. Kada ta dame ka. Paul McCartney na ƙungiyar Beatles ya sayi Höfner ɗinsa mai siffar goge irin na Turawa a birnin Hambug na Jamus a 1961, kuma gajeriya ce, da ita ya yi kiɗan da duniya ta san shi da shi. Jack Bruce ya yi suna da Gibson EB-3, ita ma gajeriya ce, inci 30 da rabi. Kamfanin Fender da kansa ya fitar da Mustang Bass mai inci 30 a 1966, kuma Bill Wyman na Rolling Stones ya riƙe ta ya hau manyan dandamali. Amma me ya kai mu nesa? Marigayi Ɗan Maraya Jos, Allah ya jiƙansa, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya tak ya zagaya ƙasashe, abin da bai fi a rufe shi da hannun riga ba, kuma har yau in aka saka faifansa a tashar Kwanar Dangora sai ka ga dattawa sun yi tsit. Haruna Uji da gurminsa haka, maharban da ke kewayen dajin Falgore da garayarsu haka. A ƙasar nan ba mu taɓa auna makaɗi da girman kayansa ba, sai yanzu da waya ta zo kowa yana son abin da zai yi kyau a hoto.

Amma ba zan ɓoye maka aibinta ba, domin nasihar da ta faɗi rabi ta bar rabi cuta ce. Tsirkiya ta huɗu, mafi kauri, wadda take kaɗawa wajen sau 41 a sakan guda, a gajeriyar jita tana iya yin laɓo-laɓo, muryarta ta fito da kauri amma ba kaifi, musamman in jitar mai araha ce ko tsirkiyar siririya ce. Doguwa ta fi ta fitar da wannan murya tas, kuma in kana son irin kiɗan nan na zamani da ake marin tsirkiya da babban yatsa, doguwar ta fi amsawa. Abu na biyu, wanda ya fi damuna, shi ne samun tsirkiya. Gajeriya tana son tata tsirkiyar, domin in ka ɗaura mata ta doguwa, sashen mai kauri zai naɗe a kan kunnen ɗauri, ya ƙi zama, wani lokaci ma ya tsinke. A Kano tsirkiyar doguwa ta fi samuwa, ta gajeriya kuwa wani lokaci sai an yi saƙo daga kasuwar Alaba ta Legas. Saboda haka kafin ka biya kuɗin jita, ka tambayi mai shago ko yana da tsirkiyarta, in yana da ita ka sayi saiti guda ka ajiye, domin daga Doguwa ko Riruwai zuwa Kano ba tafiyar da za ka yi saboda tsirkiya ɗaya ba ce. Ka kuma lura, irin su Mustang da tsirkiya take ratsawa ta cikin jikin katako kafin ta hau jaki, sukan buƙaci tsirkiyar matsakaicin tsawo ne ko da yake su gajeru ne.

Sunaye kuwa za ka ji su da yawa. Akwai Squier Bronco mai inci 30, ƙanwar Fender ce mai sauƙin kuɗi, ba ta da tarkace. Akwai Ibanez Talman TMB30, ita ma inci 30. Akwai Ibanez Mikro da ta fi su gajarta, inci 28.6, wadda ni a ganina ta fi dacewa da yaro ko mai ƙaramin jiki sosai, domin sassaucin tsirkiyarta ya yi yawa ga babban mutum. Akwai Epiphone EB-0 mai inci 30 da rabi. In ka same su a hannu, cikin kayan da ake kawowa daga Turai, babu laifi, tsohuwar jita mai lafiya ta fi sabuwa mara asali. Sai dai ka sani rubutun da ke kan jita bai fi ƙarfin mai fenti ba, kuma akwai Fender da yawa a kasuwa waɗanda kamfanin Fender bai taɓa ganinsu ba.

Yanzu sai maganar fikof, wato ɗan abin nan da ke kwance a ƙarƙashin tsirkiyoyi, wanda shi ne kunnen jitar. Ba wani sihiri a cikinsa: maganaɗisu ne aka naɗe shi da siririyar wayar jan ƙarfe zagaye dubbai, in tsirkiyar ƙarfe ta kaɗa a samansa sai ya haifar da ƴar wutar lantarki mai rauni, ita ce take bin waya zuwa amfilifaya a mayar da ita sauti. Matsalar ita ce wannan kunne ba tsirkiya kaɗai yake ji ba, yana jin wayoyin wutar ɗaki, da taransifoma, da janareto, shi ya sa wata jitar da ka jona ta za ka ji tana ƙugi tun ba ka taɓa ta ba. Fikof mai naɗi ɗaya, irin guda biyun nan dogaye sirara da ke kan Jazz Bass tun 1960, muryarsa garau take, amma shi ya fi ɗaukar wannan ƙugi, sai dai in ka buɗe su biyun daidai da juna, nan ɗaya yake kashe ƙugin ɗaya. Wanda aka raba biyu kuwa, rabi sama rabi ƙasa, wanda Fender ya sa wa Precision tun 1957, an naɗe ɓangarorinsa ne ɗaya a juye da ɗaya, saboda haka shi da kansa yake haɗiye ƙugin ya bar muryar tsirkiya. Na uku shi ne babba mai naɗi biyu, irin wanda Gibson ya dasa dab da wuya a kan EB-0, shi ma ba ya ƙugi, amma muryarsa tana da nauyi ƙwarai, kuma in ta haɗu da kaurin da gajeriyar jita take da shi dama, sai ka ji ɗaki yana girgiza amma ba ka rarrabe murya da murya.

In ka tambaye ni, a wurinmu nan inda yawancin taro da janareto ake yin sa, wayoyi kuma a jone suke yadda hali ya yi, ka nemi mai fikof rababbe. Ko shi kaɗai ne ya wadatar, in kuma ka samu wadda aka haɗa mata rababben da siriri guda kusa da jaki, kamar Talman da Mikro, to ka samu zaɓi biyu a jita ɗaya, domin wanda ke kusa da jaki yana ƙara kaifi, abin da gajeriya take buƙata. Kada kuma ka yarda a ruɗe ka da cewa da ka saya sai ka canza fikof ka sa mai tsada. Wannan hira ce ta waɗanda suka shekara goma suna kiɗa, kunnensu ya nuna. Kai a yanzu sabuwar tsirkiya da daidaita tsayinta daga wuya za su canza maka murya fiye da kowane fikof.

Akwai kuma jitar da ake sa wa batir mai bolt 9 a bayanta, domin ta ƙara ƙarfi tun kafin sauti ya isa amfilifaya. Tana da daɗi, ba na musu, amma muddin waya tana jone batirin yana ci ko ba ka kiɗa, kuma ranar da zai mutu ba ya sallama, sai a tsakiyar biki a wani ƙauyen Kiru inda ba mai sayar da irinsa. Ka bar ta sai gaba.

Kuskuren da samari suka fi yi shi ne su zuba duk kuɗin a jita su manta da amfilifaya, alhali bes ba ta da murya sai da shi. Ka raba kuɗinka tun daga gida. Kuma na bes za ka nema, domin lasifikar ƙaramar jita ba a yi ta don ɗaukar wannan nauyi ba, in ka matsa mata za ta yage. Na koyo a ɗaki, mai wat 15 zuwa 25 ya isa, amma in za ka tsaya kusa da mai ganga a fili ko a majami'a, kana buƙatar wat 100 ko fiye, da lasifika mai inci 12 ko 15. Ka duba bayansa da idonka kafin a jona: wutarmu bolt 230 ce, na Amurka kuwa an yi su ne don bolt 120, kuma in ka cusa irin wannan a soket ɗinmu ba tare da taransifoma ba, hayaƙi za ka gani. Ka haɗa da sitabilaiza ko ƙarama ce, domin wutar janareto hawa take tana sauka.

A nan ina roƙonka ka saurare ni da kyau, domin wannan ta wuce maganar kuɗi. Tsirkiyoyin da ke hannunka a haɗe suke da jikin amfilifaya ta cikin waya, saboda haka in amfilifayan ya lalace kuma ba a haɗa masa wayar ƙasa ba, wuta tana iya biyowa ta same ka. Wani mawaƙin Ingila, Keith Relf, haka ya rasa ransa a gidansa a 1976 yana riƙe da jita. Kada ka cire ƙafa ta uku ta filogi don ya shiga soket, kada ka yi kiɗa ba takalmi a kan danshi, kuma in ka ji tsirkiya ko makirfo yana ɗan tsikarinka, ka ajiye nan take ka kira mai gyara, ko da amarya ta iso fili. Mahaifiyarka ba ta haife ka don ka mutu a bikin wani ba.

Ranar da za ka shiga kasuwa, kada ka tafi kai kaɗai, ka nemi wanda ya girme ka a wannan harka, ko cikin makaɗan majami'u na Tudun Wada da Doguwa, domin su ne suka fi riƙe jita a yankinmu, situdiyoyin Kano kuwa yawanci da fiyano da kwamfuta suke haɗa bes ɗinsu. Ka gaishe shi da ladabi, ka biya masa mota, ba za ka yi asara ba. Ka ari tef ɗin tela ka sa a aljihu, ka auna daga ƙashin sama zuwa ƙarfe na 12, domin shi ne tsakiyar tsirkiya: in ka ga inci 15 gajeriya ce, in 17 doguwa ce, ko mai shago ya ce me. Ka ɗaga jitar ka hango wuyanta daga sama, in ya murɗe gefe ka ajiye ta komai arharta, domin lanƙwasa tana gyaruwa da sandar ƙarfen da ke cikin wuya, murɗewa kuwa ba ta da magani mai sauƙi. Ka danna kowace tsirkiya a kowane mataki ka ji ko tana zizar ƙarfe, ka murɗa maɓallan murya ka ji ko suna ƙarar yashi, ka girgiza wayar a bakin ramin ka ga ko sauti yana yankewa. Sannan ka rataya ta ka tsaya da ita, domin wasu gajerun kansu yana rinjayar jikinsu, ka wuni kana tallabe wuya maimakon kiɗa. Duk wannan zai ɗauki lokaci, mai shago zai ƙosa, kai dai kada ka ƙosa, ka yi masa magana mai daɗi ka ci gaba da dubawa. In ba ka samu wadda ta kwanta maka ba, ka dawo da kuɗinka gida, ba abin kunya ba ne.

In Allah ya sa ka kawo ta, to ka san katako ne, yana jin yanayi. Hunturunmu yana busar da shi har bakin ƙarafan wuya su fito su riƙa yankar yatsa, damina kuma, musamman ga na kusa da ruwan Tiga da ku na Doguwa da ruwan sama ya fi yawa, tana kumbura shi ta sa tsirkiya tsatsa. Ka goge tsirkiyoyin da busasshen ƙyalle duk bayan kiɗa, ka mayar da ita cikin jaka, kada ka bar ta a rana ko a jikin bangon kwano mai zafi. Sandar cikin wuya kuwa ba a murɗa ta da ƙarfi, kwata-kwata ake yi ana jira, kuma karon farko ka bari wanda ya iya ya yi kana kallo. Wani alherin gajeriya shi ne goyonta a kan babur ya fi sauƙi, ba ta dukan hula ba ta kama reshe.

Ke ma ƴata, in wannan nasiha ta iso gare ki kuma kina bin ƴan mawaƙa kina sha'awar wannan kaya, maganar nan har da ke, domin an daɗe ana cewa bes ta maza ce, alhali ba komai ya jawo haka ba sai nauyinta da tsawonta, kuma gajeriya ta rage duka biyun. Ki nemi yardar iyayenki, ki koya a inda mutuncinki yake a tsare.

Kai ma haka, ɗana. Ka san ba kowane gida ne yake kallon kiɗa da ido ɗaya ba, malamai ma sun yi magana a kansa, saboda haka ka zauna da mahaifinka ka gaya masa kafin ya ji a bakin wani, domin abin da aka fara da ɓoyo ba ya yin albarka. Kada ka ci bashi don jita, kada ka taɓa kuɗin taki na baɗi, domin gona ce ta saya maka wannan kuma ita za ta saya maka ta gaba. Muryar bes tana ratsa bango fiye da yadda kake zato, ko ka ga kamar ka rage, tsohuwar da ke bayan katangarku tana jin ta a ƙirjinta, saboda haka ka nemi amfilifaya mai ramin abin sawa a kunne, ka kashe in an kira salla, ka kashe in dare ya yi. Ka koya a hankali, kullum kaɗan, ka saurari mai ganga fiye da yadda kake sauraron kanka. In ka tashi tafiya Kano ka biyo ta wurina tukuna, ina da tef ɗin awo, kuma ina so in sa maka albarka kafin ka hau mota.